Kifi na Ganinka: Tsakanin Hattara da Zato

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Karin magana ne da muka tashi muka tarar, muna kuma koyar da shi a aji ba tare da mun tsaya mun tuhume shi ba, domin yana da daɗin faɗi, kuma sau da yawa yakan yi daidai. Uwa takan karanta fuskar ɗanta tun kafin ya buɗe baki, ɗan kasuwa ma yakan karanta ta mai ciniki. To amma akwai fuskar da idan aka tambaye ta labarin zuciya sai ta ba da labarin da babu shi, alhali mai ita bai yi niyyar yaudarar kowa ba, haka kawai aka halicce shi. Tambayar da wannan maƙala za ta bi ita ce, mene ne haƙƙin mai irin wannan fuska a kanmu, musamman idan ya tabbata yana da haƙora, kuma an taɓa jin ya yi cizo? Za mu nemi amsar a wurin wani kifin teku da ake kira barakuda, da irin zaman da ke tsakaninsa da mutanen da ke nutsewa cikin ruwansa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mutumin Kafanchan da kifin teku. Yana da gaskiya. Tsakaninmu da gaɓar teku akwai ɗaruruwan kilomitoci, ko da yake dogon da ya raya garin nan daga bakin ruwa ya taso, wato daga Fatakwal, ya iso a wajejen 1927 ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan ya hau Jos. Ruwan da muka sani shi ne na Matsirga mai zubowa daga tsayin kimanin mita 30 kusa da Madakiya, da kogunan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro da na Filato, wasu su ƙare a Kwara wasu a Binuwai. Sai dai a waɗannan manyan koguna akwai wani kifi da masuntanmu suka sani sarai, shi ne tsage: dogo, mai sheƙin azurfa, haƙoransa a waje suna shiga tsakanin juna, yana farauta da ido, yana kuma kai bara ga duk ɗan abin da ya gifta yana ƙyalli. A wajen masana tsage da barakuda ba dangin juna ba ne, amma sana'arsu ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne ruwan. Namu ja ne da damina, kore ne da rani, saboda haka mu sai dai mu haɗu da tsage a cikin koma ko a kan faranti. Ruwan teku kuwa a wurare da dama garau yake kamar gilashi, mutum ya shiga ya yi ido huɗu da kifi na tsawon lokaci. Can ne aka sami damar nazarin abin da mu a nan sai dai mu yi kirdado.

Ire-iren barakuda sun haura 20, kuma suna zaune ne a tekuna masu ɗumi: yankin Karebiyan, da Bahar Maliya wadda alhazanmu ke gani a Jidda, da gaɓar Afirka ta Yamma har zuwa Legas inda ake gasa shi ana sayarwa. Babba daga cikinsu yakan kai tsawon mutum. Jikinsa miƙe yake kamar mashi, muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce na sama, haƙoransa ba tsawo ɗaya ba, wasu gajeru ne masu kaifi kamar bakin zarto, wasu dogaye masu tsini. Kamar sauran kifaye ba ya ƙifta ido, domin ba shi da fatar da zai rufe shi da ita. Yakan kuma riƙa buɗe baki yana rufewa a hankali don ruwa ya ratsa ya yi numfashi, wanda bai sani ba sai ya ɗauka wasa haƙora yake yi. Yana iya tsayawa cik a tsakiyar ruwa kamar an rataye shi, sa'an nan idan ya hango abin kamawa ya ɓalle da gudun da ya haura kilomita 40 a awa. Idan aka tambayi wannan fuska labarin zuciya, amsa ɗaya za ta bayar.

Tun daga 1943, lokacin da wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke bai wa mutum damar goya tulun iska ya nutse yana numfashi, shiga ƙarƙashin teku ya tashi daga aikin ƙwararru kaɗan ya zama abin da miliyoyin mutane ke yi don nishaɗi. Ban da masu tulun iska akwai masu iyo a saman ruwa, fuska a kife cikin tabarau, suna shan iska ta wani gajeren bututu. Abin da dukansu ke faɗi game da barakuda kusan iri ɗaya ne. Mutum yana cikin tafiyarsa sai ya waiwaya ya ga kifin a bayansa, da 'yar tazara, ya zuba masa ido. In ya ci gaba ya biyo shi, in ya tsaya ya tsaya, in ya matso sai kifin ya ja da baya a hankali ba tare da ya kawar da kai ba. Haka za a yi ta yi har mutum ya fita daga ruwa, kuma a mafi yawan lokuta a nan labarin ke ƙarewa. Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma, to wannan kam gani yake yi na gaske.

Me yake nema? Masana sun kawo dalilai biyu da ba su kore juna ba. Na farko son sani: kifi ne mai rayuwa da ido, duk sabon abin da ya shigo yankinsa sai ya duba shi. Na biyu ya fi jan hankalinmu, wato ana jin yana ɗaukar mai nutso ne a matsayin wani babban mafarauci, yana binsa da fatan ko zai tarwatsa ƙananan kifaye ya samu na kamawa, ko ya bar ragowa. Wanda ya taɓa ganin balbela tana bin garken shanu a fadamun Kachia ya san wannan dabara. Balbela ba ƙaunar saniya take yi ba, ba kuma ƙinta take yi ba, farin da kofato ke tayarwa take jira. Ke nan kallon da mai nutso ya fassara da ƙiyayya, mai yiwuwa ne kallon girmamawa ne, irin wanda ƙaramin mafarauci ke yi wa babba.

Duk da haka ba za mu wanke shi tas ba, domin yana cizo. An danganta mutuwar wani mutum da shi a gaɓar Key West ta jihar Filorida a Amurka cikin 1947, da wata a gaɓar Karolina ta Arewa cikin 1957. A 1960 ya kai wa wani mai nutso hari a Pompano, ita ma a Filorida, raunin sai da aka yi masa ɗinki 31. Amma idan aka auna waɗannan da yawan mutanen da ke shiga ruwansa kowace rana, sai a ga cizon abu ne da ba safai yake faruwa ba. Wani masanin kifaye na Jami'ar Miyami, Donald de Sylva, ya buga nazari a kan wannan kifi a 1963, kuma abin da ya fito daga rahotannin da aka tattara tun daga lokacin shi ne, cizon yakan zo ne da sharuɗɗa. Ko dai ruwa ya gurɓace har kifin ba ya ganin mutum gaba ɗayansa, ko mutumin yana sanye da abu mai ƙyalli, agogo ko zobe ko sarƙa ko 'yan kunne, wanda walƙiyarsa ta yi kama da ta cikin ƙaramin kifi, ko kuma ya soki wani kifi da mashi yana riƙe da shi yana mutsu-mutsu. Akasari kuma sara ɗaya yake yi ya wuce. Alamar ita ce kuskure ya yi: ya kai baki ga abin da ya ɗauka abinci ne, ya ji ba shi ba ne, ya bari.

Daga nan masu koyar da nutso suka fitar da ladubbansu. Ka cire agogonka da zobenka kafin ka shiga. Kada ka shiga inda ruwa ya gurɓace. Kada ka miƙa masa abinci da hannu. In ya biyo ka kada ka firgita ka hau fantsama ruwa, kada kuma ka kai masa duka, ka ci gaba da tafiyarka cikin natsuwa, ka ba shi tazararsa. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan ladubba da ya ce kifin ba shi da haƙora, kuma babu ɗaya da ya ce mugu ne. Dukansu magana suke yi a kan abin da mai nutso zai yi da jikinsa da kayansa.

A ganinmu wannan shi ne bambancin hattara da zato, abubuwa biyu da mutane kan cakuɗa domin uwarsu ɗaya, wato tsoro. Hattara aiki ne da mutum ke yi a kan kansa: ya san abin da wancan ke iya yi, ya san yanayin da ke sa ya yi, sai ya gyara nasa takun. Zato kuwa hukunci ne da mutum ke yankewa a kan zuciyar wani, wadda bai gani ba, bisa shaidar fuska. Hattara tana da wuya domin sai da ilimi, sai mutum ya zauna ya koyi halin abin da yake tsoro. Zato ba ya bukatar komai, kallo ɗaya ya ishe shi, shi ya sa ya fi kasuwa. Kuma zato yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba, wato yakan haifi abin da yake tsoro. Mai nutson da ya yanke cewa kifin nan kashe shi ya zo yi, ɗayan biyu zai yi. Ko ya ruɗe ya hau shure-shure, wanda a idon mafarauci shi ne motsin abin da ya ji rauni, ko ya riga shi kai hari da mashi, alhali barakudan da aka soka ya fi kowane haɗari. In aka cije shi sai ya fito ya nuna tabo ya ce ai dama ya faɗa. Da Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, muna jin har da irin wannan yake nufi, domin wani lokaci zaton ne ya mayar da kansa gaskiya.

Akwai wani abin mamaki kuma. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa: cutar da barakuda ya fi yi wa ɗan Adam a kan faranti take. A wasu tekuna masu duwatsun murjani, musamman Karebiyan da Fasifik, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani masu ɗauke da dafi. Ƙananan kifaye su ci su tare da ciyawar ruwa, manya su ci ƙanana, dafin ya yi ta taruwa har ya ƙare a jikin babban mafarauci irin barakuda, kuma gwargwadon girmansa da shekarunsa gwargwadon abin da ya tara. Ana kiran cutar sigwatera. Dafin ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, wuta ba ta kashe shi, kuma daga cikin alamunsa akwai mutum ya taɓa ruwan sanyi ya ji kamar garwashi. An kiyasta dubban mutane ne ke kamuwa da ita kowace shekara daga cin kifayen waɗannan tekuna. Wato wanda ya shiga gidan kifin da ladabi yakan fito lafiya, wanda ya kashe shi ya ci ne ke kwana a asibiti.

Mu dawo gida. Kasuwar Kafanchan wuri ne da Fantswam da Bajju da Atyap da Kagoro da Jaba da Kaninkon ke cuɗanya da Hausawa da Fulani, da Ibo da Yarabawan da dogo ya kawo kakanninsu, kuma akasarin cinikin da Hausa ake yinsa. Kowa a cikinsu yana kallon kowa, kuma kowa ya san abin da aka taɓa yi. A watan Maris na 1987 wata taƙaddama a kan wa'azi ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta garin nan, ta fantsama cikin gari, cikin 'yan kwanaki ta isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 maganar sauya wa kasuwa wuri a Zangon Kataf ta zama zubar da jini har sau biyu, a Fabrairu da Mayu. A watan Afrilu na 2011 kuma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, wutar ta taso ne daga biranen arewa ta gangaro Zonkwa da Kafanchan, aka ƙone kasuwa, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum fiye da 800 a jihohi 12 cikin kwana uku. Raba laifi ba aikin wannan maƙala ba ne. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne hanyar da wutar ta bi: a 1987 daga kudu ta yi arewa, a 2011 daga arewa ta yi kudu, kuma a duka biyun mafi yawan waɗanda ta ci ba su nan lokacin da aka kunna ta. Suna, ko tufafi, ko karin harshe aka gani yana ƙyalli a cikin gurɓataccen ruwa, aka kai sara.

Za a iya yi mana ƙorafi biyu, kuma dukansu suna da nauyi. Na farko, a ce magana tana da sauƙi ga wanda ke zaune a ofis, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma wanda ya binne 'ya'yansa ba a yi masa lacca a kan kyautata zato. Mun yarda, kuma ba mu ce kowa ya daina tsoro ba. Mai nutson kirki ma yana tsoro, shi ya sa ya cire agogonsa. Wanda ya ƙi bin wata hanya da dare, ko ya kwashe iyalinsa ranar da ya ji gari ya ɗauki zafi, hattara ya yi, babu mai zarginsa. Inda muka rabu da shi shi ne ranar da ya ce duk mai irin wancan suna zuciyarsa ɗaya da ta wanda ya kashe masa ɗa, ya kuma koya wa ɗan da ya rage haka. Irin wannan magana takan taru a jiki kaɗan-kaɗan daga ƙananan labarai, kamar dafin da muka ambata, kuma ta fi yawa a jikin manya.

Ƙorafi na biyu ya fi tsanani, wato kwatanta maƙwabci da kifi mai haƙora shi kansa cin mutunci ne. Haka ne, idan mai kwatancen ya ɗauki kansa shi ne mai nutso kullum. Duk wanda ya karanto zuwa nan, ko daga wane ɓangare yake, muna kyautata zaton a rigar mai nutso ya sa kansa, ya bar wa wancan ɓangaren haƙora. To wancan ɓangaren ma haka ya karanta. Gaskiyar ita ce kowannenmu yana da fuskar da wani ke tsoro, kowannenmu kuma yana da haƙora. Saboda haka tambayar ta juyo kanmu: idan mu ne masu haƙoran, uzurin kuskure da muka yi wa barakuda ya shafe mu?

Amsarmu ita ce bai shafe mu ba. Kifin nan ido kawai gare shi. Ba shi da bakin tambaya, ba shi da ikon ya ce bari ruwa ya kwanta tukuna, domin yunwa ce ke tuƙa shi, kuma ba shi ya gurɓata ruwan ba. Mutum kuwa yana da harshe, a Kafanchan ma harshe ɗaya ya haɗa shi da wanda yake tsoro. Yana iya jira gari ya waye. Kuma sau da yawa da hannunsa aka dama ruwan, domin shi ya karɓi labarin da bai tabbatar ba ya miƙa gaba, jiya baki da baki a tashar mota, yau ta WhatsApp da Facebook kafin a ƙifta ido. Abin da ya fi ba mu kunya ma shi ne, a wuri guda kifin ya fi mu. Shi idan ya sara ya ji ba abin da ya zata ba ne, yakan saki ya tafi. Mutum idan ya gane wanda ya sara ba shi da laifi, da wuya ya saki, sai ya shiga neman laifin da zai ɗora masa don saran ya halatta, daga nan ya ƙara wani. Abin da ya sa muke ganin sanarwar zaman lafiya ta Kafanchan, wadda wakilan al'ummu 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka sa wa hannu a watan Maris na 2016, tana da daraja, shi ne a cikinta an nemi gafarar juna, wato kowa ya amsa cewa shi ma yana da haƙora. Ba ta zama magani ba, domin kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a ƙauyukan Jama'a. Amma dama ladubban nutso ba su taɓa yi wa kowa alkawarin ba za a cije shi ba.

Saura mutum ɗaya da ba mu ambata ba, shi ne wanda ya san halin kifin fiye da kowa, ya kuma mayar da sanin abin cin abinci. Masu kama barakuda da ƙugiya, da masu kama tsage a tafkin Kainji da sauran manyan ruwaye, ba lallai ne su sa nama a ƙugiyar ba. Wani ɗan ƙarfe suke ɗaurawa mai siffar cokali, a goge shi ya yi sheƙi, a jefa a riƙa ja da sauri yana juyawa yana walƙiya. Kifin ya hango ya taho da dukan ƙarfinsa, ya haɗiyi ƙarfe. Masuncin ya san haƙoran sarai, shi ya sa yake haɗa bakin zarensa da waya don kada a datse shi, kuma shi kansa ba ya shiga ruwan, yana zaune a cikin kwale-kwale ko a kan gaɓa ƙafarsa a bushe. A duk rikicin da muka lissafa a sama an tara gawarwakin matasa da na talakawa daga kowane ɓangare, kuma bayan kowanne an yi bincike, an rubuta rahoto, an bayyana yadda kifin ya taho da yadda ya sara. Babin da ya fi gajarta a kullum shi ne na wanda ya goge cokalin.